Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano: A Faɗa Mana Kowane Fim na 'Yan Shekara Nawa Ne

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da sauran ma'aikatan hukumar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ana fama da jama'a lafiya. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Kano, uwa ce kuma, sannan ina kallon fina-finan Hausa, ba na ɓoyewa. Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in kawo takarda ofis, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Duk inda iyaye mata suka zauna, a gidan suna ne ko a ɗakin malamai, sai ta ɓullo ta wata fuska. Buƙatar tawa ɗaya ce: duk fim ɗin da ya bi ta hannunku, ya fito da bayanin 'yan shekara nawa ya dace su kalle shi, tare da dalili, kuma da Hausa, yadda uwar da ba ta yi boko ba za ta gane tun kafin ta miƙa wa ɗanta waya.

Tun da aka kafa wannan hukuma a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar, abu biyu muka saba ji daga wajenta: an tace, ko an dakatar. A 2021 mun ji an hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. A 2024 aka zo kan daba da daudu. A watan Mayun 2025 kuma aka dakatar da shirye-shirye masu dogon zango har 22 saboda sakin su ba tare da an kawo an duba ba. Yau ban zo jayayya a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duk waɗannan hukunce-hukunce mai kallo ɗaya ake hange, wani mutum da ba shi da shekaru. Alhali a falona akwai mai shekara shida, akwai mai goma sha uku, akwai ƙanwar maigida da ke jami'a, akwai surukata. Idan aka kawo wuta bayan isha'i, gaban talabijin ɗaya muke taruwa. Shaidar da ke cewa an tace fim ta gaya mini babu tsiraici a ciki, babu taɓa juna tsakanin mace da namiji, babu ɓatanci ga addini. Na gode. Amma ba ta gaya mini ko autana zai iya barci bayan ya kalla ba.

Maganin da ke da lambar NAFDAC mun san ba guba ba ne, amma duk da haka a jikin kwalbar sai an rubuta cokali nawa ne na ɗan shekara biyu, nawa ne na babba, wane ne ma ba a ba yaro sam. Lambar kun ba mu. Rubutun jikin kwalbar muke nema.

Ranka ya daɗe, bari in nuna maka abin da muke gani a makaranta. Wata rana an fita tara, na leƙa bayan aji na tarar da 'yan aji uku suna wasan gida. Wani yaro ya turo hularsa gaban goshi, ya nuna wata yarinya da yatsa ya ce, "Tattara naki ya naki ki bar mini gida, na sake ki saki uku!" Ita kuwa ta cire hijabi ta ci ɗamara da shi, ta faɗi ƙasa tana birgima tana ihu. Can gefe ga wata ta tsuguna, tana zuba ƙasa a ledar fiya wata tana girgizawa tana tofi. Na ce wannan kuma mene ne? Ta ce ita ce kishiyar, maganin da boka ya ba ta ne za ta zuba wa uwargida a miya. Ba su yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Yaran da muke fama da su a kan haddar lissafin sau bakwai, ga shi sun haddace yadda ake kashe aure da yadda ake sammu. Na tabbata shirin da suka kwaikwaya ba shi da wani abin da za a kira batsa, kuma ga babba wataƙila ma wa'azi ne, domin a ƙarshe irin wannan kishiya asirinta tonuwa yake yi. Sai dai ɗan shekara takwas ba ya jiran ƙarshe. Abin da ya fi ƙara da tashin hankali shi yake ɗauka ya tafi da shi.

Akwai kuma wata uwa da ta zo tana kuka da 'yarta ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Da aka bi ta a hankali, ashe tsoron fita bayi take yi da dare, tun ranar da ta kalli wani fim da aljana mai fararen idanu ke fitowa daga banɗaki. Uwar da kanta ta kunna musu, don ta samu ta gama wanke-wanke. Hoton da ke gaban fim ɗin jarumai ne cikin kwalliya suna murmushi. Ta ina za ta sani?

Na san akwai masu jin maganar raba fim da shekaru su ce ai tsarin Turawa ne. Ni kuwa a Alƙur'ani na fara ganin sa. A Suratun Nur, aya ta 58, an umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wajen manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe kaya da rana tsaka, da bayan sallar isha'i. Aya ta 59 ta ce idan sun balaga su riƙa neman izini kamar yadda manya ke nema. Abin da ke bayan ƙofar nan halal ne tsantsa, miji ne da matarsa, amma ba na idon yaro ba ne. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ma ya ambaci shekaru ƙarara: a umarci yara da salla suna da bakwai, a hore su a kanta suna da goma, a raba musu makwanci. A al'adarmu ma haka muka taso. Idan gwaggo da inna za su yi wa amarya huɗuba, sai a kore mu, a ce ku tashi ku ba mu wuri, maganar manya ce. Ba wanda ya ce huɗubar haramun ce. An dai san kunnen da ya kamata ta shiga. Fim ne kawai ya shigo gidajenmu ya rushe wannan katanga, ya zauna a tsakar ɗaki yana maganar manya a gaban kowa, mu kuma muna ta lalube da rimot idan an zo wurin da uba ba zai iya haɗa ido da 'yarsa ba.

Ƙasashen da suka riga mu harkar fim duk ta hanyar da kuke kai suka fara, ta almakashi da hani, daga baya suka gane bai wadatar ba. A Ingila an kafa hukumarsu tun 1912 a matsayin ta tacewa, a hankali aikinta ya koma rarraba fina-finai bisa shekaru, kuma duk bayan 'yan shekaru sukan koma wa jama'a su tambaye su me ke damun su yanzu, su sabunta ma'auninsu. A Amurka an fara tsarin a 1968, kuma waɗanda ke zama su kalla su yanke hukunci iyaye ne. A 1984 sai da suka ƙara wani mataki na 'yan shekara 13, bayan iyaye sun yi ƙorafi kan wasu fina-finai da aka ce yara na iya kalla da jagorar manya, aka je aka tarar da abin firgici a ciki. Wato su ma da kukan iyaye suka gyara. Idan kuma aka ce waɗannan ba Musulmi ba ne, to ga Saudiyya, wadda ta sake buɗe gidajen sinima a 2018 bayan sun yi fiye da shekara talatin a rufe. Tana yanke abin da ba ta yarda da shi ba, sannan wanda ya tsira ma sai ta sa masa shekaru, wani na kowa, wani ba a shiga sai an kai 15, wani sai 18. Yankewa ba ta hana su rarrabawa ba.

Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne na Indiya, domin duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya a Kano ya san takardar nan da ke fara fitowa a allo kafin komai, mai rubuce-rubuce da sa hannu. Da yawanmu mun ɗauka ado ne. Shaidar hukumar fina-finansu ce, wadda ke aiki da dokar 1952, kuma a jikinta akwai harafi: U na kowa da kowa, A na manya zalla, UA kuma yaro na iya kalla idan iyaye sun amince. A 2023 suka gyara dokar suka raba UA ɗin gida uku, na 'yan 7, na 'yan 13, da na 'yan 16, domin sun lura tsakanin ɗan bakwai da ɗan sha shida akwai tafiya mai nisa. To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa sun cika wayoyin yaranmu, wasu yaran ma sun fi son su a kan na gida. Mafi yawansu na faɗa ne, ana sare kai, ana karya wuya, jini na tsartuwa har kan kyamara. A can ƙasarsu wasu daga cikin waɗannan an rubuta musu A, ba a barin yaro ya shiga sinima ya kalla. Da sun iso nan aka ɗora musu murya da barkwancin Hausa, sai takardar ta ɓace ko ta wuce ba wanda ya san karatunta, fim ɗin ya zama na 'yan firamare. Waɗanda suka yi abinsu sun kare 'ya'yansu daga gare shi, mu mun ɗauko mun ba namu da harshen da za su fi ganewa. Wannan kaɗai ya isa a zauna.

Ba ma sai an je nesa ba. A ƙasar nan akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, NFVCB, da aka kafa da dokar 1993, kuma tana da matakanta: G na kowa, PG da jagorar iyaye, 12, 12A wanda ɗan ƙasa da sha biyu ba ya shiga sinima sai da babba, 15, 18, da RE wanda aka taƙaita inda za a nuna shi. Mai zuwa sinima ko mai kallon tashoshin tauraron ɗan Adam yakan ga waɗannan alamomi a kusurwar allo. Shawarata kada ku ƙirƙiro wasu lambobi daban da za su yi karo da na tarayya, furodusa ya rasa na wa zai bi, ko a ɗora masa biyan kuɗi sau biyu kan aiki ɗaya. Ku ɗauki lambobin nan, ku ba su baki da Hausa, ku cika su da ma'auninmu. Ina mai tabbatar maka, a unguwarmu idan na tsayar da mata goma na nuna musu PG, zai yi wuya a samu biyu da za su faɗi ma'anarsa. Amma idan aka ce "a kalla tare da iyaye", ko "ban da yara 'yan ƙasa da sha biyar", ba mai buƙatar tafinta.

Ma'aunin kuwa shi ne wurin da aikin yake, kuma nan ne ba za a yi mana aro ba. A wasu ƙasashe abin da ke ɗaga fim zuwa na manya yawanci tsiraici ne, mu kuwa wannan tuni kun rufe ƙofarsa. Namu abubuwan daban ne. Akwai tsoro: aljanu, matsafa, maƙabarta da dare, gawa a likkafani tana motsi. Akwai duka da zubar da jini, kuma dukan da ya fi taɓa yaro ba na 'yan daba a lungu ba ne, na cikin gida ne, miji ya shaƙe matarsa, kishiyar uwa ta ƙona marainiya da wuta, domin wannan ya yi kama da duniyar da yaron yake ciki. Akwai ashar da gatse da habaicin da ke zagaye maganar shimfiɗa, wanda ba a faɗi kalmar banza ko ɗaya ba amma duk babban da ke ɗakin sai ya sunkuyar da kai. Akwai hirar kayan mata. Akwai fyaɗe, da zubar da ciki, da shan fiya-fiya don kashe kai, wanda nuna yadda ake yin sa dalla-dalla hatsari ne ga yarinyar da ke cikin damuwa. Akwai shaye-shaye, inda bambanci yake tsakanin fim ɗin da ya nuna ɗan ƙwaya a wulaƙance da wanda ya nuna shi a matsayin gwarzon unguwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sauƙaƙƙe da matsakaici da mai tsanani. A rubuta su a takarda, a wallafa, marubuci ya sani tun yana riƙe da alƙalami cewa idan ya nuna kaza fim ɗinsa zai tashi daga 12 ya koma 15. Yanzu da yawansu lalube suke yi, sai sun kashe kuɗi sun gama ɗauka sannan su ji hukunci.

Lamba kaɗai ma ba ta isa ba sai da dalili. A ƙasar Holan, tun 2001 suke sa wa fim da shirin talabijin shekaru tare da ƙananan zane: gizo-gizo alamar tsoro, dunƙulen hannu alamar faɗa. Ko ba ka iya karatu ba ka gane. Wannan ya burge ni, domin yara ba ɗaya ba ne. Ina da wanda faɗa ba ya ɗaga masa hankali amma ko kukan mujiya ya ji a fim ya dinga manne mini ke nan, 'yar'uwarsa kuma akasin haka. Idan aka gaya mini dalilin, ni na san nawa. Mu nan sai mu ƙara da abin da ya fi dacewa da mu, wato murya. Daƙiƙa goma a farkon fim, a ji an ce: "Wannan shiri na 'yan shekara sha biyar ne zuwa sama. Akwai duka da maganganun aure a ciki." A rubuta da boko, a rubuta da ajami. Mutanen da suka saba jin sanarwa a rediyo ba za su ga baƙon abu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da na san za a ce. Za a ce idan aka buɗe matakin 18 an buɗe wa batsa ƙofa, kowa ya yi abin da ya ga dama ya fake da cewa ai na manya ne. Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba, kuma ku faɗa da babbar murya cewa ba haka ba ne. Abin da Shari'a da dokar jiha suka hana ya hanu ga ɗan bakwai da ɗan saba'in. Rarrabawa a cikin abin da ya halatta ake yin ta. Amfaninta ma ga masu shirya fim ya fi yawa. Muna cikin garin da ƙwaya ke cin samari, ana ƙwacen waya da wuƙa, ana yi wa ƙananan yara fyaɗe a ɓoye maganar don gudun abin kunya, ga masu yoyon fitsari da ake jinya a asibitin Murtala. Waɗannan labarai ne da ya kamata manya su gani a fim, a nuna su da zafinsu, ran mutum ya ɓaci ya tashi da niyyar gyara. Idan kowane fim dole ne ya dace da idon ɗan shekara bakwai, to ɗayan biyu: ko a hana taɓa su gaba ɗaya, ko a wanke su har su zama lami. Sai a bar mu da soyayya da rikicin gado da kishi, sannan mu dawo muna zargin 'yan fim da rashin kawo abin da ya shafi al'umma. Da akwai matakin manya, da hanin 2021 bai zama dole ya hau kan kowa ba. Sai a ce wanda ya nuna garkuwa da mutane don ya koyar da dabarunta ko ya ƙawata ta, an hana; wanda ya nuna ta don a ga abin da take yi wa iyali, a ba shi 18 ya wuce.

Za a kuma ce rubuta 18 a kan fim talla ce, yaro ma sai ya fi ɗokinsa. Akwai gaskiya a ciki, ɗan sha shida mai wayar kansa zai nema ya kalla. Amma ba shi nake ƙoƙarin karewa da wannan alama ba. Ina maganar ɗan shida da ɗan tara, waɗanda ba su suke zaɓa ba, mu muke zaɓar musu cikin rashin sani.

Matsala ta gaske ita ce hanyar da fim ke bi ya iso gida. Zamanin da ake zuwa Ƙofar Wambai a sari kaset da faifai ya wuce, lokacin da za a manna takarda a bayan kwali a ce an gama. Yau shiri a YouTube yake fita duk mako, ko a Arewa24 da sauran tashoshi, daga nan ya faɗa hannun masu tura fina-finai a waya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin shagon nan ya san yadda abin yake: kwamfuta ɗaya, wayoyi jere a kan benci kowace da igiyarta, yaro ya shigo da memori a dunƙule a hannu da canjin aike, ya ce a zuba masa sababbi. Mai shago ba ya tambayar na wa ne, abin da ake yayi yake turawa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma ba wanda ya ba shi ma'auni. Don haka alamar dole ta kasance a jikin hoton kansa, a kusurwar allo daga farko har ƙarshe, yadda ko an yanko minti biyu an sa a TikTok ko an tura a WhatsApp tana nan. Ta kasance a hoton talla da sunan bidiyon a YouTube. Masu shagunan nan kuma suna da ƙungiya, kuna da hanyar zama da su. A sa su ware jakar yara daban a kwamfutarsu, wadda idan ƙaramin yaro ya zo daga ita za a zuba masa. Gidajen kallo na unguwa su rubuta a allon da suke rubuta wasannin ƙwallo. Tashoshin talabijin su tura na 15 da 18 zuwa can dare. YouTube ma yana da wurin da mai ɗora bidiyo zai nuna cewa na manya ne, sai dai masu shiri na gudun sa saboda yana rage kuɗin talla, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi da su a fili maimakon a yi kamar ba a san da ita ba.

Kuma alamar da aka ɗora a Kano ba a Kano za ta tsaya ba. Fim ɗin da aka ɗauka a nan shi ake kallo a Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da wajen Hausawan Sudan. Hukumarku ba ta da iko a can, amma hoton yana zuwa da abin da aka rubuta a jikinsa.

Na san shiri mai dogon zango ya fi ƙarfin a ce ma'aikata kaɗan su zauna su kalli kowane kashi na kowane shiri kafin ranar fitarsa, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ke sa wasu masu shiri yin gaban kansu. A tsarin Holan da na ambata, masu shirin ne da kansu ke cike takardar tambayoyi, akwai jini ko babu, an nuna rauni kusa ko daga nesa, amsoshin su fitar da shekarun, hukuma kuma ta sa ido ta karɓi ƙorafin jama'a ta ci tarar wanda ya yi ƙarya. Ba na cewa ku saki tacewa. Amma furodusan da ya yi shekaru bai taɓa saɓa doka ba, me zai hana a horar da mutum ɗaya a kamfaninsa ya riƙa cike irin wannan takarda, ku kuna bi kuna dubawa? Kuma kowane kashi da nasa hukuncin, domin shiri kan fara da raha a kashi na ɗaya, kafin a kai na ashirin an shiga kisan kai.

Sai maganar su wa za su zauna su yanke. Malaman addini dole ne, 'yan masana'antar ma haka. Amma ina roƙon a sa iyaye mata masu ƙananan yara a hannu yanzu, ba waɗanda suka aurar da autarsu ba. A sa malaman firamare da na Islamiyya, mu da muke ganin abin da fim ya bari washegari da safe. A nemi likitan yara da na ƙwaƙwalwa daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a nemi masana daga Jami'ar Bayero, inda irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka daɗe suna nazarin fim ɗin Hausa. Kuma wanda bai gamsu da shekarun da aka ba fim ɗinsa ba ya samu inda zai ɗaukaka ƙara, a wajen wasu mutane daban da waɗanda suka yanke na farko. In ba haka ba, za a wayi gari lambar ta zama sandar dukan wanda ba a shiri da shi, na gaban goshi kuma ya samu G ko me ya nuna. Ranar da iyaye suka gane haka, sun daina kallon kusurwar allon ke nan.

Mu iyaye ma da namu. Mu ne masu miƙa wa ɗan shekara uku waya don ya yi shiru, mu ne masu cewa ai yaro ne bai san komai ba, alhali ya fi mu sanin inda ake latsawa. Ba hukumar da za ta shigo ɗaki ta karɓe rimot daga hannun kowa, kuma ba ma so ta shigo. Wanda aka gaya wa ya ƙi ji, shi ya jiyo. Amma a yanzu ba a gaya mana ba tukuna.

Abin da nake roƙo a fara da shi bai buƙaci gini ko motoci ba. A kira zaman jin ra'ayin jama'a, a watsa shi a Rediyon Kano da Freedom da sauran gidajen rediyo, a buɗe layi iyaye su faɗi abin da ke firgita 'ya'yansu da abin da ke sa su kunya a gaban surukai. Daga nan a fitar da ma'auni a rubuce. A gwada shi a kan shirye-shiryen da ke kan tashe yanzu da fina-finan fassara, a riƙa wallafa sunan kowane shiri da shekarunsa da dalilinsa a shafin hukumar na Facebook duk mako, yadda za mu riƙa turawa a zaurukan iyayen yara na makarantu. Idan aka kira zaman, a sa shi ranar Asabar da hantsi don malaman makaranta su samu zuwa, a kuma tanadi wurin zaman mata, domin za mu zo da yawa.

Allah ya taya riƙo, ya yi jagora.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare, daga cikin birnin Kano.